Rauta, Wayar Tebur da Rumbun Bayanai: Yadda Ake Gano Inda Ciwon Yake

A watan Satumba na 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, kuma Funtua da Bakori da Malumfashi suna cikinsu. Duk mai harkar hatsi ko taki a wannan yanki bai manta ba. Wayoyin hannu suka koma tocila da agogo. A kwanakin na shiga shagon wani mai sayar da taki da maganin feshi, na tarar yaronsa ya zare rauta daga wuta ya jefa ta cikin durowa, wai tunda babu sabis ba ta da amfani. Ga kwamfuta a kan tebur, ga akwatin da suke ajiye lissafin bashin manoma a ƙarƙashinsa, amma sun koma rubutu a littafi. Na ce a ciro ta a jona. Ba a yi minti uku ba sai ga sunayen masu bashi a fuskar kwamfuta, alhali ko ɗigon intanet babu a garin.

Alhajin ya dube ni ya ce, "Malam, sabis ɗin ne ya dawo?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, bai dawo ba. Dama shiga rumbunka ba ya bukatar sabis."

Wanda ya fahimci wannan ya gama rabin gyara. Rauta kamar zauren gida take. Ta ciki tana haɗa mutanen gida da juna: kwamfuta, wayoyin hannu, firinta, kyamarar tsaro, da akwatin ajiyar nan da ake kira NAS, wanda zan riƙa ce wa rumbu. Ta waje kuma ita ce ƙofar fita zuwa duniya, ko ta hanyar sim na MTN ko Airtel ko Glo, ko ta farantin Starlink da ya shigo Nijeriya a Janairun 2023. Rumbu ɗan cikin gida ne, ko an rufe ƙofar waje yana aiki. Wayar tebur mai bin intanet, wadda ake kira VoIP, ita kuwa ƙafarta ɗaya a ciki ɗaya a waje, shi ya sa ta fi kowa rigima. Saboda haka kafin ka taɓa komai, tambaya ɗaya ce: ciwon na ciki ne ko na waje? Idan rumbu yana buɗewa amma WhatsApp ba ya tafiya, na waje ne. Idan Facebook na buɗewa amma rumbu ya ɓace, na ciki ne. Idan duka biyun sun tsaya, koma kan rautar kanta, kuma ka fara da wutar da take sha.

Wuta da zafi

Na san mai karatu zai so a tsallake nan a shiga lambobi. A'a. Mafi yawan rautocin da aka kawo mini da sunan sun lalace lafiyarsu ƙalau, adaftarsu ce ta gaji. Juya rautar ka karanta abin da aka rubuta a ƙasanta. Akasari za ka ga 12V, sannan 1A ko 1.5A ko 2A. Adaftar da za ka sa dole bolt ɗinta ya zo daidai, amfiya kuwa ya kai abin da aka rubuta ko ya wuce. Abin da ke faruwa a gidajenmu shi ne, ta asali ta ƙone, sai a ciro ta dikoda ko ta wata tsohuwar fitila a cusa tunda bakin ya shiga. Rautar za ta kunna, fitilunta su haska, amma da zarar mutum biyar sun hau waifai ko ta yi yunƙurin kama hasumiya mai nisa, sai ta mutu ta sake tashi. Mai gida ya ce kamfani ne. Ba kamfani ba ne, yunwa ce.

Alamarta a fili take: duk fitilun su ɗauke lokaci guda su dawo ɗaya bayan ɗaya, sunan waifai ya ɓace daga wayarka na kamar minti ɗaya. In ka ga haka, sauya adafta kafin ka kashe ko sisi a wani wuri.

Sai batun sauyin wuta. A gidan da ake yawo tsakanin wutar KEDCO da janareto da inbata, kowane sauyi kashewa da kunnawa ne ga na'urorin nan. Rauta tana jurewa, faifan da ke juyi a cikin rumbu ba ya jurewa. Ɗauke masa wuta yana tsakiyar rubutu shi ne hanya mafi sauri ta rasa lissafin shekara. Rumbu yana bukatar UPS mai kebul na USB, wanda zai gaya masa batir ya kusa ƙarewa ya kashe kansa cikin natsuwa. Ita rauta da ɗan akwatin wayar tebur, ƙaramin batirin nan mai fitar da 12V ya ishe su awanni.

Akwai kuma wani abu da ba a lura da shi. Idan wuta ta dawo, kowa tashi yake lokaci guda, amma ba gudunsu ɗaya ba. Akwatin waya yakan farka cikin daƙiƙu, ya nemi hanyar fita, ya tarar rauta ba ta gama kama sabis ba. Wani ya sake gwadawa, wani ya yi zamansa. Saboda haka idan za ka kashe ka kunna, bi tsari: kashe rumbu ta maɓallinsa ba ta soket ba, zare sauran, jira rabin minti, kunna rauta ita kaɗai har fitilar intanet ta tsaya cak, sannan rumbu, sannan waya.

Zafi ma haka. Yawancin rautoci an ƙera su ne su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 40 ba, kuma a watan Maris da Afrilu shago mai rufin kwano a Funtua yakan kai haka tun kafin azahar. Rautar da ke aiki lafiya da safe, ta fara shan ƙamshi da rana, ta warware bayan magariba, zafi ne ke damunta. Sauke ta daga kan firji ko talabijin, cire ƙyallen da uwargida ta lulluɓa mata don ƙura. Da damina kuwa, in hadari ya taso da tsawa, zare kebul ɗin da ya fito daga waje, ko na eriya ko wanda aka ja daga gida zuwa shago. Tsawa takan shigo ta nan ma, ba ta soket kaɗai ba.

Ƙofar waje

In wuta lafiya, shiga cikin rautar. Buɗe burauza ka rubuta adireshinta. Na Huawei akasari 192.168.8.1 ne, na wasu 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, kuma yana rubuce a ƙasanta tare da suna da kalmar sirri. Fara da abu mai arha: data ta ƙare? Fitilar sabis takan ci gaba da haske ko babu ko kilobait ɗaya. Yawancin rautocin sim suna da shafin saƙonni da na buga lamba, sai ka buga *323# ka ga abin da ya rage. Karanta saƙonnin ma, don a nan ake ganin ko an rufe layin saboda ba a haɗa shi da NIN ba. Mutane da yawa sun haɗa layin wayarsu suka manta da wanda ke kwance a cikin rauta. Lambar binciken wannan *996# ce.

Kada ka yarda da sandunan sabis, sukan yi ƙarya. Nemi lambar da ake kira RSRP a shafin bayanai. Idan tana wajen -80 zuwa -90, kana cikin daɗi. In ta kai -110, da ƙyar kake rataye. Ɗauki rautar ka zagaya gidan da ita kana duban lambar: bakin taga, sama kusa da silin, ɓangaren da ke fuskantar hasumiya. A ƙauyukan Kafur ko Danja, inda hasumiya take da nisa, eriyar waje a kan dogon ƙarfe ta fi sayen sabuwar rauta amfani. Ka kuma lura da lokaci. In lambar tana da kyau amma intanet na jan ƙafa ran kasuwa ko bayan isha'i, cunkoso ne a hasumiya, kuma babu saitin da zai magance shi sai dai ka gwada sim na wani kamfani.

A kwamfuta akwai gwaji mai sauƙi. Buɗe baƙin allon nan na cmd ka rubuta ping da adireshin rauta. In ta amsa, cikin gida lafiya. Sai ka rubuta ping 8.8.8.8. In ya amsa amma shafuka ba sa buɗewa, mai fassara suna zuwa lamba ne ya kwanta, wato DNS, sai ka sauya shi zuwa 8.8.8.8 ko 1.1.1.1 a cikin rauta. In bai amsa ba, leƙa wurin maƙwabci. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da kamfanonin waya suka rikice, kuma a ranar babu adadin tsikarar rauta da zai dawo da komai.

Batun waifai kansa gajere ne. Mitar 2.4GHz ta fi ratsa bango, ta 5GHz ta fi gudu amma bangon bulo biyu sun ishe ta. In maƙwabta sun yi yawa, zaɓi tasha ta 1 ko 6 ko 11. Kada ka aje rauta a bayan buhunan masara ko kusa da tankin ruwa. Sannan ka duba jerin waɗanda ke kan waifan, wataƙila rabin samarin layi ne. Rumbu da wayar tebur kuwa ba su da abin yi a kan waifai, a ba su kebul.

Wayar da ke jin ka, kai ba ka jin ta

Da farko a rabe abu biyu. Wasu rautocin sim suna da ƙaramin rami a baya da ake cusa wayar tebur ta gargajiya. Wannan kiran ta layin sim yake bi kamar wayar hannu, kuma a wasu wuraren da kira ya shigo sai rautar ta sauka daga 4G, intanet ya tsaya har a gama magana. Ba lalacewa ba ce, haka aka yi ta. Wadda nake nufi ita ce mai asusun SIP: ko wayar Yealink mai kebul na intanet, ko tsohuwar waya da aka haɗa da ɗan akwati irin na Grandstream. Irinta ce ɗan kasuwa ke sawa don gidansa na Funtua da sitonsa na Malumfashi su riƙa kiran juna da gajeriyar lamba.

Fara da sanin ko ta sami adireshi. A Yealink danna OK. A Grandstream ɗaga kan waya, danna tauraro sau uku sannan 02, za ta karanto maka. In ka ji sifili zalla, ko lamba mai farawa da 169.254, rauta ba ta ba ta komai ba, sai ka duba kebul da ramin da aka cusa shi.

In ta sami adireshi, ciwonta yakan zo da fuska uku, kuma sau da yawa uwarsu ɗaya. Ko dai kai kana iya kira amma ba a samunka. Ko a ɗauka, ɗaya yana ji ɗaya ba ya ji. Ko kuma magana ta yanke daidai wajen daƙiƙa 30 zuwa 32, kullum, kamar an sa mata agogo. To an sa mata ɗin. A ƙa'idar SIP, in an ɗauki kira dole wani ɗan saƙon tabbatarwa ya iso, in bai iso ba cikin daƙiƙa 32 sai a ɗauka layi ya mutu a katse. Saƙon ya ɓata a hanya ne domin bai san ƙofar da zai shigo ba.

Dalili shi ne kiran intanet hanya biyu yake bi. Sallama da ƙararrawa suna bi ta ƙofa mai lamba 5060, muryar kanta kuma ta wasu ƙofofin daban. Rauta tana ɓoye duk mutanen gida a bayan adireshi ɗaya, saboda haka mai shigowa daga waje sai an riƙe masa ƙofa a buɗe. Masu ƙera rauta suka ce bari su taimaka, suka sa wani abu mai suna SIP ALG da ke gyara adireshin da ke cikin saƙon. Garin gyaran gira yakan tsone ido. Nemo shi, akasari a sashen tsaro ko na NAT, ka kashe shi, ka sake kunna rauta da waya. A ganina wannan ne abu na farko da ya kamata a yi wa kowace rauta da za a jona wa irin wannan waya, tun kafin ta yi ƙorafi.

In ba a warke ba, duba adireshin waje da kamfani ya ba rautarka. In ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, to kana bayan wani babban zauren ne na kamfani tare da ɗaruruwan mutane. Ana kiran wannan CGNAT, kuma haka yawancin layukan sim suke, har da Starlink na gida. A nan duk wanda ya ce ka biya shi ya buɗe maka ƙofofi a rautarka zai ci kuɗinka ne a banza, don makullin babban zauren ba a hannunka yake ba. Abin yi shi ne ka sa wayar ta riƙa leƙowa da kanta. A saitinta kunna NAT Keep Alive a kan daƙiƙa 20 zuwa 30, rage lokacin sabunta rajista zuwa minti ɗaya ko biyu, kuma in mai ba ka asusun ya yarda, sauya daga UDP zuwa TCP ko TLS.

Wani tarkon shi ne rauta biyu a jere. An sayi ta sim, waifanta bai kai ɗakin baya ba, aka ƙara TP-Link a bayanta. Yanzu zaure biyu ke nan, kowanne yana raba nasa adireshin. Waya ta rikice, wanda ke kan ta farko kuma ba ya ganin rumbun da ke kan ta biyu. Mayar da ta biyun zuwa Access Point, ko ka kashe DHCP ɗinta ka cusa kebul a ramin LAN maimakon WAN.

Murya mai tsinkewa kuwa daban ce. Kira ɗaya ba ya cin ko kilobit 100 a daƙiƙa, ba yawa yake so ba, natsuwa yake so. Abin da ke shaƙe shi shi ne aika kaya sama: kyamarori na tura bidiyo, wayoyin yara na loda hotuna, ko shi kansa rumbu yana kwafe kayansa zuwa intanet da tsakar rana. Gwada: zare kebul ɗin rumbu ka yi kira. In murya ta washe, ka kama ɓarawon. Mayar da kwafen zuwa tsakar dare, ka kuma sa masa iyakar gudu.

Rumbu

Jiya yana nan, yau kwamfuta ta ce ba ta san shi ba. Kusan kullum adireshi ne ya sauya. Rauta aron adireshi take bayarwa, in aka ɗauke wuta aka dawo sai ta sake rabo, wanda ya riga zuwa ya riga samu. Duba jerin na'urori a shafin rauta ka ga sabon adireshinsa, sannan ka je sashen DHCP ka keɓe masa lamba ɗaya ta dindindin. Yi wa waya da firinta haka. Ka kuma tabbata kwamfutar ba a kan waifan baƙi take ba, don wannan da gangan aka hana shi ganin cikin gida.

In ana ganinsa amma Windows ta ƙi shiga, akasari tsufa ne. Tun 2017 Microsoft ta fara cire tsohon yaren musayar fayil na SMB1 daga Windows 10, kuma tsofaffin rumbuna da rautocin da ake cusa wa faifan USB da yawa shi kaɗai suka iya. Za a ce ka dawo da shi a kwamfuta. Ni ban ba da wannan shawara ba, ta wannan ɓarakar ce ƙwayar cutar kwamfuta ta WannaCry ta bi ta addabi duniya a watan Mayu na shekarar. Shiga saitin rumbun ka kunna SMB2 ko SMB3, ka buɗe wa kowane ma'aikaci suna da kalmar sirri.

In kwafe fayil ya tsaya a wajen megabait 11 a daƙiƙa ba ya wucewa, kebul ne ko ramin rauta. Layin gigabit yana bukatar duk silin waya takwas da ke cikin kebul, in ɗaya ya karye sai ya sauka zuwa 100. Kebul mai arha na kasuwa sau da yawa alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe, kankare shi da reza za ka ga fari. Kada tsawonsa ya wuce mita 100, kuma a sito a sa shi cikin bututu, don ɓeran da ya ƙoshi da dawa ba ya raina roba.

In rumbu ya fara kuka ko fitilarsa ta koma ruwan lemo, faifai ɗaya ya gaza. Kada ka zare komai da ka. Shiga shafinsa ka ga wane ne, kwashe muhimman kaya zuwa wani wuri tukuna, sannan ka sauya. Mutane sun sha zare mai lafiyar su bar matacce. Faifai biyu masu kwafin juna kuma ba su ne ajiya ta biyu ba: abin da yaro ya goge a ɗaya ya gogu a ɗayan, gobara ko ɓarawo kuwa tare za su tafi da su. Manomi ba ya zuba iri da abinci a rumbu guda. Sami faifan USB ka riƙa kwafewa duk Juma'a, ka kai shi wani gidan. Bayan hunturu kuma a buɗe a hure ƙurar da ta toshe fanka.

Mai son ganin rumbun Funtua daga Malumfashi kada ya buɗe shi ga duniya. A Yunin 2021 an goge kayan mutane da yawa daga nesa a kan rumbunan WD My Book Live, a Janairun 2022 kuma ƙwayar cutar DeadBolt ta kulle dubban rumbunan QNAP da ke fuskantar intanet, aka nemi fansa. Kashe UPnP a rauta, ka yi amfani da Tailscale, ko QuickConnect in rumbun na Synology ne. Duka biyun suna aiki ko a bayan babban zauren kamfani.

Saura ɗan ramin nan na Reset da yara ke son tsikara da tsinken sakace. Shi ne na ƙarshe, don yana share sunan waifai, kalmar sirri, adireshin da ka keɓe, ya kuma dawo da SIP ALG da ka kashe. Ranar da komai ke aiki lafiya, ɗauki hoton kowane shafi na saitin, ka sauke fayil ɗin ajiyarsa, ka rubuta adireshin rauta da na rumbu da na waya a takarda ka sa a durowa. In ta kai ga kiran kamfani, lambar 300 ce a kowane layi. Gaya musu lambar RSRP, da sakamakon ping, da lokacin da abin ke faruwa, ka karɓi lambar ƙorafinka ka rubuta. In sun yi shiru, kira hukumar NCC a 622, kyauta ne.